Motsa jiki da damuwar ɗalibai kan surar jikinsu

Damuwa kan surar jiki ita ce fargabar da mutum ke ji idan ya zaci ana kallonsa ana auna shi: ƙibarsa ko ramarsa, tumbi, tsawo, ƙwanji. Ɗaliban jami'a na fama da ita sosai, domin daga ɗakin kwana zuwa aji da filin wasa, kullum idon tsararraki na kansu. A 1989 masu bincike uku a Amurka, Hart da Leary da Rejeski, suka tsara ma'auninta mai tambayoyi 12, kowace da maki 1 zuwa 5. Galibi makin mata ya fi na maza yawa.

Motsa jiki a kai a kai yana rage wannan damuwa, ko da yake ragin matsakaici ne, kuma yakan zo tun sikeli bai nuna wani canji ba. Dalili kuwa, hankali yana tashi daga yadda jiki yake a idon mutane, ya koma kan abin da yake iya yi, kamar hawa bene ba tare da haki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Minti 30 sau biyar a mako ya wadatar da mai farawa.

Sai dai niyya da wurin atisayen suna iya juya lamarin. Wanda ya shiga don ya burge masu kallo kawai ya fi saurin karaya. An kuma gano cewa ɗalibai matan da ba su saba da atisaye ba sukan ƙara jin rashin daɗi idan sun yi shi a gaban madubi, don haka wurin da babu madubi da tufafi masu walawa sun fi dacewa da su.

A maza, matsalar takan fito ta wata fuska: saurayi ya riƙa ganin kansa siriri alhali ƙwanjinsa a cike yake, har ya kai ga allura ko ƙwayoyin ƙara tsoka, waɗanda ke illata hanta da zuciya, suna kuma rage ƙwayoyin haihuwa. A mata, yawan atisaye da ƙarancin abinci na ɗauke al'ada, ya raunana ƙashi. Ɗalibin da ke atisaye da ciwo a jiki, ko yake ƙin abinci saboda ya rasa atisayen rana ɗaya, yana bukatar ganin likita a asibitin makaranta.