Faifan RAM: kurakuran kwafi da na izini

Faifan RAM wani yanki ne da ake warewa daga ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wato RAM, a mai da shi ma'ajiyar fayiloli. Ya fi faifan dindindin sauri nesa ba kusa ba, sai dai duk abin da ke ciki yana ɓacewa da zarar an kashe na'ura ko an ɗauke wuta. Dabarar ta daɗe: IBM ya saka VDISK.SYS, manhajar yin faifan RAM, cikin PC DOS 3.0 a 1984. A Linux, tmpfs, tsarin da ke ajiye fayiloli cikin RAM, ya zo ne da kernel 2.4 a 2001. A Windows kuwa akan nemi manhaja ta daban, irin su ImDisk. Yawancin kurakuran da ake samu wajen kwafi ba daga ƙwaƙwalwar suke ba, daga yadda aka ɗora faifan ne, wato yadda aka haɗa shi da foldar da za a riƙa shiga cikinsa ta kanta.

Izini

Saƙon "Permission denied", mai lamba 13 a Linux, shi ya fi addabar masu koyo. Mutum zai buɗe folda, ya ba ta izini da umarnin chmod, sannan ya ɗora faifan a kanta, ya zo kwafi a hana shi. Dalili shi ne sabon faifan yana rufe tsohuwar foldar ya zo da nasa izinin, don haka aikin farko ya tashi a banza. Ana gyara wannan tun wajen ɗorawa:

mount -t tmpfs -o size=2G,uid=1000,gid=1000,mode=0755 tmpfs /mnt/ram

Idan ba a faɗi komai ba, tmpfs yana zuwa da izinin 1777: kowa na iya rubutu, amma ba mai goge fayil ɗin wani. Wanda ya bi ta /dev/ram0, wata hanyar yin faifan RAM a Linux, ya tsara shi da tsarin fayiloli na ext4, uid (lambar mai faifan da ke cikin umarnin sama) ba zai yi masa amfani ba. Faifan na root ne, wato mai cikakken iko a kwamfutar, sai an sauya mai shi da umarnin chown bayan ɗorawa. Umarnin kwafi na cp -a ma yana son ya riƙe sunan mai fayil na asali, kuma root kaɗai ke da ikon haka. Akwai masu buga chmod 777, wanda ke ba kowa cikakken izini, su huta. Yana aiki, amma a kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa, kamar ta shagon buga takardu, ganganci ne.

Wuri

"No space left on device" na nufin faifan ya cika. Girman tmpfs rabin RAM ne idan ba a ƙayyade ba, kuma ana iya ƙara shi da remount, wato sake ɗorawa, ba tare da an rasa komai ba. Idan umarnin df -h ya nuna akwai wuri amma saƙon bai daina ba, a duba df -i, don ƙananan fayiloli masu yawa sukan cinye adadin fayilolin da aka yarje wa faifan. A Windows, faifan da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Tsara shi da NTFS ne maganinsa.

Sunayen Larabci

Wannan ta fi shafar Hausawan Makka da Jidda da ɗaliban da ke karatu a Madina, waɗanda littattafansu da karatuttukan malamai ke ɗauke da dogayen sunaye na Larabci. NTFS yana ƙirga tsawon suna da haruffa, har 255. Linux kuwa da bait yake ƙirgawa, shi ma 255, alhali kowane harafin Larabci bait 2 ne a tsarin adana haruffa na UTF-8, haka ma ƙ da ɗ da ɓ. Sunan da ya haɗa taken littafi da na mawallafi da lambar juzu'i zai zauna lafiya a Windows, amma da ya haura haruffan Larabci 127 sai tmpfs ya ce "File name too long", a tsallake fayil ɗin. Sau da yawa ba a lura, domin sauran fayilolin suna wucewa. A gajarta sunan kafin kwafi, sannan a gwada foldar asali da ta kwafi da umarnin diff -r a ga ko an bar wani a baya.