Direba, in birkin baya ya kama, kada ka yarda a kashe shi

A zagayen da muke yi tashoshin mota, akwai maganar da nake yawan ji daga direbobin tsofaffin motoci, musamman da damina: "Motar ta yi nauyi, ba ta son tafiya, ga shan mai." Sai a tafi ana ta kwance inji, ana wanke fulogi, alhali ciwon yana ƙafar baya. Birki ne ya kama ya ƙi saki.

Gane shi ba wuya. A fili mai shimfiɗa, ka sa motar a firi, ka saki birkin hannu, mutum biyu su tura. Lafiyayyar mota tana gangarawa da kanta kaɗan bayan an daina turawa, wadda birkinta ya kama kuwa nan take za ta ƙame. Ko kuma bayan ɗan gajeren tafiya ka tsaya ka zagaya ƙafafu huɗun, ka kusantar da bayan hannunka ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Ƙafar da ta fi sauran zafi, tana ƙauri kamar an ƙona roba, ita ce mai laifin. Kada ka watsa mata ruwa. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Zafin nan shi ne ke narkar da giris ɗin boris, har ya kai ga taya ta fashe ko wuta ta tashi.

Motoci irin su Golf 3 da Starlet galibi birkin bayansu na diram ne, wato kwanon ƙarfe da shu biyu a ciki, waɗanda ke gugar kwanon in an taka birki. In an wanke mota ko ta ratsa kududdufi, aka ja birkin hannu aka ajiye ta kwana da kwanaki, tsatsa takan manne shu da diram. Wannan shi ne mafi sauƙi: a sa weji a tayoyin gaba, a ɗaga bayan da jak, a tokare da abin da ba zai goce ba, a cire taya, a ɗan bubbuga gefen diram da guduma a hankali. Sau da yawa za ka ji ƙas, ya saki.

In bai saki ba, a duba wayar birkin hannu. Ruwa da laka suna shiga cikin rigarta, ta yi tsatsa, ka saki hannu a gaba amma can baya tana nan a ɗaure. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, canza ta ya fi a yi ta ɗura mata baƙin mai.

Gwajin da nake so kowane direba ya sani, don kada a sa shi sayen kayan da ba ya bukata, shi ne na ɗan notin da ake fitar da iska daga birki a kowace ƙafa. Bakanike ya taka birki ya saki, ƙafar tana a kame, sai ya sassauta notin. In man birki ya yi tsartuwa kuma ƙafar ta juya nan take, to mai ne ke zuwa ba ya komawa. Yawanci tiyon robar da ke kai man birki ƙafar ne ya ruɓe daga ciki ko da a waje yana da kyan gani. In an sassauta ƙafar ba ta motsa ba, fistin da ke tura shu ne ya ci tsatsa, ko sifirin da ke dawo da shu ya karye. A motocin da birkin bayansu na faifai ne ba diram ba, irin Sharon, fistin ɗin murɗa shi ake yi ya koma. Wanda ya danna shi da ƙarfin tsiya ya lalata shi.

Me ke sa fistin tsatsa? Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi kamar duk shekara 2, da irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya, tsatsa suke shukawa. Man inji kuwa kumbura robobin yake yi, birki ya kama gaba da baya.

Ga abin da ya fi damuna. Wani bakaniken, don ya sallame ka da wuri, sai ya ce bari a toshe bututun man birkin baya, ai birkin gaba ya isa. Bai isa ba, malam. Motar da ta ɗauko fasinja da buhuna a but, nauyinta mai yawa a baya yake. Birkin gaba shi kaɗai zai yi zafi a gangara ya daina ci, in kuma ƙafa ɗaya aka toshe, motar za ta fizge gefe ranar da ka taka da ƙarfi.

Ku kuma yaran gareji, ƙurar cikin diram ba ta hurawa da baki ba ce, ba kuma ta iskar famfo ba. Wasu shu, musamman tsofaffi da masu arha, suna ɗauke da asbesto, wanda ke lahanta huhu bayan shekaru. A jiƙa tsumma a goge. In an gyara gefe ɗaya a buɗe ɗayan ma, shu kuma a canza su tare.

Motar da za ta daɗe a ajiye, a bar ta a giya, a sa mata weji, a saki birkin hannu.