Sitabilaiza mai kauri: tana gyara kwana ko tana ɓata mota?

Duk wanda ya saba gangara Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga ya san yadda mota ke kwantawa gefe guda idan ta shiga kwana, har fasinja ya kai hannu ya dafe ƙofa. Samarin da ke son motocinsu su riƙe titi sukan zo da buƙata iri ɗaya: a sa musu sitabilaiza mai kauri. Ga tambayoyin da suka fi yi mini, a gareji da wajen hira, da amsoshin da nake ba su.

Malam, wai mene ne ainihin aikin sitabilaiza?

Leƙa ƙarƙashin motarka ta wajen ƙafafun gaba, za ka ga wata sandar ƙarfe a gicciye, bakinta biyu a lanƙwashe. Tsakiyarta a ɗaure take a jikin mota da bushin roba guda biyu, kowane baki kuma ya kama ƙafa ɗaya ta hanyar ɗan guntun ƙarfen nan da makanikai ke kira linkej. Idan ka sha kwanar dama, nauyi ya koma hagu, ƙafar hagu ta nutse, ta dama ta saki. Nan take sandar za ta murɗe, kamar yadda ake murɗa wanki don a matse ruwa, ita kuwa ƙarfen sifirin ce, ba ta son murɗuwa. Wannan turjiyar ita ce ke rage wa mota kwantawa. Amma idan ƙafafun biyu suka hau tudun rage gudu tare, sandar ba ta murɗuwa sam, juyawa kawai take yi a cikin bushin.

Tawa milimita 22 ce, an kawo mini mai 24. Milimita biyu kacal har wani bambanci ne?

Babba ma kuwa. Taurin sandar ba ya tafiya ƙafa da ƙafa da kaurinta, sau huɗu ake ninka kaurin a kansa kafin a san taurin. Daga 22 zuwa 24 ka ƙara tauri kusan kashi 42 cikin ɗari. Ka je 25, ka ƙara kusan 67. Wannan lissafin na sanda ce cikakka mai siffa iri ɗaya da taka. Akwai masu rami a ciki kamar bututu, sun fi sauƙin nauyi, kuma kaurin da ido ke gani ba shi ne taurinsu ba. Akwai kuma masu huda biyu ko uku a kowane baki: idan ka ɗaura linkej a hudar da ta fi kusa da gwiwar sandar, hannun ya gajarce, sandar ta ƙara tauri. Irin waɗannan na fi so, domin suna ba ka damar ja da baya idan ka wuce gona da iri.

To idan mota ta daina kwantawa, ai ta fi riƙe titi ke nan?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma kuskuren na iya cin rai. Sitabilaiza ba ta hana nauyi komawa kan tayoyin waje. Yawan nauyin da zai koma ya dogara ne da gudunka, da nauyin motar, da tsayinta daga ƙasa, da faɗin tsakanin tayoyinta. Abin da sandar ke yi shi ne raba wannan nauyi tsakanin gaba da baya: ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Ita kuwa taya tana da wani hali. Idan ka ninka mata nauyi, riƙon da take yi wa kwalta zai ƙaru, amma ba zai ninku ba. Ka ɗauki mutum biyu da suka tallabi buhun dankali a Farin Gada. In sun raba nauyin daidai, za su kai shi mota lafiya. In buhun ya zame ya koma hannun mutum ɗaya, ɗayan yana riƙe da kunnen buhu kawai, ƙarfinsu a haɗe ya ragu. Haka tayoyi biyu na ɓangare ɗaya suke. Saboda haka ɓangaren da ka ƙara wa tauri shi zai fara sakin titi.

Ribar tana nan, ban musa ba. Motar da ba ta kwantawa sosai tayoyinta sun fi zama daram a kan kwalta, tana kuma amsa sitiyari da wuri. Sai dai kwantawar nan ita ce gargaɗin da mota ke yi wa direba cewa ya kusa iyaka. Wanda ya rage gargaɗin bai matsar da iyakar can nesa ba.

Wacce zan canza ke nan, ta gaba ko ta baya?

Ka fara sauraron motarka. Idan ka karya sitiyari tana ƙin shiga kwana, hancinta yana neman bakin titi, gabanta ne ke zamewa. Ƙara wa gaba tauri zai daɗa dagula lamarin. Wannan shi ne halin yawancin motoci masu jan gaba, irin su Golf da Civic da Corolla, kuma da gangan kamfanoni suke yinsu haka, don direban da ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta dawo hanya. Masu son irin waɗannan motoci su riƙa shan kwana da kyau sukan ƙara wa ta baya kauri kaɗan.

Mai jan baya, kamar BMW ko Marsandi, wata magana ce daban. Ƙafafun baya su ke tura motar, in ka taurara su da yawa, ranar da ka taka totur a kwana mai laima bayan zai kwashe ya juyo da kai. Ko mai jan gaban ma, in sandar baya ta yi tauri fiye da kima, ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana kawai ya isa ya watsa bayanta. Ka tuna damina a Jos doguwa ce, ga hazo a kan tsaunuka.

Titunanmu fa, da ramuka?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi. Rami ƙafa ɗaya yake kamawa, sandar kuma ta ɗauki bugun ta kai wa ɗaya ƙafar. Mai kauri za ta sa motar ta riƙa girgiza ka hagu da dama, a kan gargada kuma taya na iya rabuwa da ƙasa na ɗan lokaci. Shi ya sa motocin daji irin Jeep Wrangler Rubicon ke da maɓallin cire sitabilaizar gaba idan an bar kwalta. Sandar da aka ƙera don filin tsere mai santsi kamar faranti ba ta dace da mai bin lungunan Bukuru kullum ba.

Kafin in kashe kuɗi a kasuwar kayan mota ta Dilimi, me zan fara dubawa?

Taya tukuna. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar tayar tokumbo da robarta ta bushe, babu sandar da za ta sa ta riƙe titi. Auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Sai shokozoba. In ka ga mai ya jiƙa jikinta, ƙura ta manne ta yi baƙi, ta gama aiki, kuma biyu ake canzawa tare. Sannan a kama linkej a jijjiga, a dubi bushin. Na sha ganin motar da maigidanta ke kukan tana lilo, ana ɗaga ta sai ga linkej ɗaya a tsinke yana reto, sandar ba ta aikin komai. Ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji a kan gargada sau da yawa daga nan yake fitowa.

In na zaunar da motar ƙasa fa?

Nauyin da ke komawa gefe zai ragu, gaskiya ne. Amma gajeren sifirin yana son shokozobar da ta dace da shi, kuma tankin baƙin mai zai matso kusa da kowane tudun rage gudu. In ta zama dole, kada ka saukar da ita fiye da milimita 25 zuwa 30.

An ɗaura. Sai me kuma?

A ƙarasa ɗaure notuna nauyin mota yana kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba. In an sa bushin nan mai tauri na foliyuretan, a shafa masa giris ɗinsa, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta sa shi kuka. Idan an taɓa sifirin ko shokozoba, a je a yi alaimen.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka fara da hudar da ta fi laushi. Gwajin kuma a fili za a yi shi, inda babu mutane, babu ababen hawa, da ɗan gudu kaɗan, ana kewayawa ana ƙarawa sannu a hankali har ka ji wane ɓangare ne ke fara zamewa. In baya ne, koma gareji a rage wa sandar baya tauri kafin motar ta sake ganin Hawan Kibo.