Ilimin dijital da al'adunsa a matsayin ƙaramin fanni a jami'a

Ilimin dijital shi ne sanin yadda ake neman bayani ta intanet, a tantance shi, a yi aiki da shi, a kuma san abin da yake haifarwa cikin jama'a. Paul Gilster ne ya yaɗa sunan da littafinsa na 1997. A wasu jami'o'in Amurka ana ɗaukarsa a matsayin ƙaramin fanni, wato darussa biyar ko shida da ɗalibi ke haɗawa da babban fanninsa, misali tarihi ko shari'a. Jami'o'in Nijar kuwa, kamar ta Abdou Moumouni a Yamai da ta Djibo Hamani a Tawa, tsarin LMD suke bi: lisansi, masta, dakta.

Koyon taɓa kwamfuta ɗan ɓangare ne kawai na fannin. Nauyinsa yana wajen tambayoyi: wa ya fara aiko wannan hoto, yaushe aka ɗauke shi, wa zai ci riba in ya bazu?

A Nijar tambayoyin sun fi shafar murya. Mutane da yawa ba sa karanta Faransanci, saboda haka saƙon murya na WhatsApp, wanda ake kira "bokal", shi ke ɗauke da wa'azi, farashin albasar Galmi, sanarwar rasuwa, har da jita-jita. A fada, wato majalisar hira ta samari, ana jiran shayi ya nuna, mutum ɗaya zai kunna saƙo, goma su saurara, kafin a sha kofi na biyu saƙon ya isa wata unguwa. Shi kuma bokal bai da sa hannu, bai da kwanan wata, shi ya sa bin asalinsa ya fi na rubutu wuya.

Rubutun Hausa ma yana da tasa matsala. Salula da yawa ba ta fito da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai an sa mata allon rubutu na musamman, sai "ƙafa" ta koma "kafa", mai karatu ya yi ta lalube.

Akwai kuma doka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, da ta laifukan intanet a 2019. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, a 2024 aka maido da shi.