Kalandar Hindu ba irin ta Hijira ba ce

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa tunda mabiya addinin Hindu na ƙirga watanninsu da wata, to kalandarsu tana tafiya ne kamar ta Hijira. Kuskure ne, kuma bikin Diwali kaɗai ya isa shaida. A 2021 ya faɗo ranar 4 ga Nuwamba, a 2022 ya dawo 24 ga Oktoba, wato ya ja baya da kwana 11 kamar yadda azumi ke yi. Amma a 2023 sai ga shi ranar 12 ga Nuwamba. Me ya tura shi gaba?

Wata guda aka ƙara. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365. Don cike wannan giɓin, kusan duk bayan wata 32 ko 33 sukan saka wata na 13, da suke kira adik mas. Ba da ka ake yin sa ba: idan wata ya kama har ya ƙare rana ba ta shiga sabon buruji ba, shi ne watan ƙarin. A 2023 watan Sharawan ne ya zo sau biyu. Shi ya sa Diwali ba ya barin Oktoba da Nuwamba, bikinsu na Holi kuma yana nan wajen Maris.

Abin da ya fi burge ni shi ne tithi, kwanan watansu. Tithi shi ne tsawon lokacin da tazarar da ke tsakanin wata da rana a sararin sama ke ɗauka kafin ta ƙaru da digiri 12, kuma saurin tafiyar wata yana canzawa, don haka wani tithi bai kai awa 24 ba, wani kuma ya zarce.