Mercedes-Benz 190E 2.3-16

Mercedes-Benz 190E 2.3-16 mota ce mai ƙofa huɗu da kamfanin Marsandi na Jamus ya ƙera don gudu, daga jinsin 190 da ake kira Bebi Benz a Najeriya. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1983. Lambar 2.3 tana nufin girman injin a lita, 16 kuma yawan bawul ɗinsa. Masu tara tsofaffin motoci sun fi kiran ta Cosworth, sunan kamfanin Ingila da ya tsara mata kan injin.

Asali

Jinsin 190 ya fito a 1982, Bruno Sacco ne ya jagoranci zanen jikinsa. Da farko kamfanin ya so shiga tseren daji da ita, sai Audi ta fito da Quattro mai jan ƙafa huɗu, aka ga ba riba, aka karkata zuwa tseren kwalta. Dokar gasar ta ce sai an ƙera aƙalla 5,000 an sayar wa jama'a, kuma wannan sharaɗi ne ya kawo ta kasuwa.

Tun kafin a fara sayar da ita ta yi suna. A watan Agustan 1983 aka kai guda uku filin gwaji na Nardo a Italiya, inda aka ci kilomita 50,000 cikin awa 201 da ɗoriya, a matsakaicin gudun kusan kilomita 248 a awa. A watan Mayun 1984, ranar buɗe sabon filin tsere na Nürburgring a Jamus, aka raba wa manyan direbobin duniya motocin iri ɗaya, ba wadda ta fi wata. Wani matashi ɗan Brazil da ya shigo Formula 1 a shekarar, Ayrton Senna, shi ya zo na ɗaya, Niki Lauda na biye da shi. Har yau wannan tsere ne ake fara ambata idan ana cinikinta.

Ƙira

Injinta na Turai yana da ƙarfin doki 185. Giyar hannu biyar ce, amma giya ta ɗaya tana ƙasa ta hagu, ribas kuma a sama, abin da kan ruɗa wanda bai saba ba. Kujerun baya biyu ne rak. Da launi biyu kawai ta fara fitowa, baƙi mai shuɗi-shuɗi da ruwan azurfa mai duhu.

A 1988 aka maye gurbinta da 2.5-16. Daga nan samfurinta mai suna Evolution ya fito a 1989, sai Evolution II a 1990 mai doki 235 da ƙaton fiffike a bayanta, kowacce guda 502. Da Evolution II ce Klaus Ludwig ya ci gasar tseren motoci ta DTM ta Jamus a 1992. Ana jayayya kan wadda ta fi tsakaninta da BMW M3.

A Najeriya

Yawancin 190 da suka shigo ƙasar nan 'yan Kwatano ne, wajen shekarun 1990, kuma masu injin gama-gari. Mai bawul 16 ba ta da yawa. Wadda ta yi zamanta a Jos takan tsira daga tsatsar da iskar teku ke jawowa, kuma hanya mai kwana-kwana irin ta Hawan Kibo ita ke nuna amfanin ƙafafunta.

Gyara da daraja

Mai neman ta gaske ba fenti yake fara dubawa ba. Yakan durƙusa ya leƙa wurin sa jak, ya ɗaga kafet ɗin but, sannan ya gwada lambar shasi, wadda ta 2.3-16 ke farawa da 201.034. Dalili kuwa, an sha liƙa wa 190 ta gama-gari fiffike da bamba a ce Cosworth ce. Abin da ya fi wahalar da makanikai, har a wuraren da ake ji da su irin Apo a Abuja, shi ne shokozoban baya mai aiki da mai, wanda ke daidaita tsayin motar da kansa. Da yawa sukan cire shi su sa na gama-gari, kuma abin takaici ne, domin yin hakan yana zubar da kuɗinta. Haka ma sauya inji. Kayan kan injin galibi sai an yo odarsu daga Turai.

An ƙera 2.3-16 kusan 19,500, cikin jinsin da ya kai kusan miliyan 1.9 kafin a daina shi a 1993. Evolution II ce ta fi tsada nesa ba kusa ba.