Sabulun gida ya ƙi tauri ko yana marmashewa: ina matsalar take?

Bayanin nan ya shafi sabulun sanda da ake haɗawa ba tare da dafawa ba, da kostik soda da mai. Tambayoyin masu haɗa sabulu ne, kowace da amsarta.

Na bi ma'aunin da aka saba, mai biyu ruwan kostik ɗaya, amma sabulun yana marmashewa kamar alkaki, yana kuma cin hannu. Me ya jawo?

Kostik ya yi yawa, kuma galibi ba daga awon ba ne, daga man ne. Wannan ma'auni na biyu-da-ɗaya an gina shi ne a kan man ƙwarar kwakwar manja, wanda ake kira PKO a kasuwa, da ruwan kostik na kilo 1 cikin ruwa lita 3, wanda haidiromita, wato na'urar auna kaurin ruwan kostik, ke nuna 1275. Rabin lita na wannan ruwan yana ɗauke da kostik kusan giram 160, daidai abin da lita ɗaya ta PKO ke iya cinyewa.

Kowane mai da cikinsa. Kilo ɗaya na PKO yana cin kostik kusan giram 176, manja 142, man gyaɗa 137, man kaɗe 128. Idan PKO ya yi tsada aka maye gurbinsa da manja ba a taɓa ma'aunin ba, kowace lita za ta bar kostik wajen giram 30 ba shi da man da zai ci, sai fatar mai wanka. Haka ma idan an sayo PKO da aka yi wa algus da wani mai. A ajiye gwangwani a sayi sikeli, a auna komai da nauyi, sannan a rage kashi 5 cikin 100 na kostik ɗin don sabulun wanka.

To wanda ya riga ya lalace fa, zubarwa za a yi?

A'a. A goge shi da magogi, a yayyafa ruwa kaɗan, a ɗora a wuta mai sanyi cikin tukunyar da ba ta alminiyom ba, domin kostik yana cin alminiyom. In ya narke a ƙara mai, kusan kwata lita na manja ga kowace lita da aka yi kuskuren da ita, a tuƙa har ya haɗe a mayar mazubi. Ba zai yi santsin na farko ba, amma zai yi wanki. A sa safar hannu da tabarau.

Nawa kwana huɗu ke nan yana nan kamar tuwo, yatsa na shiga.

Abu uku ake dubawa. Na farko kostik ɗin kansa: idan an bar buhunsa a buɗe yana tsotsar damshi da iska, sai ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu, abin da sikeli ya nuna giram 160 ba kostik ne zalla ba. Na biyu ruwa ya yi yawa. Na uku man gyaɗa ko na waken suya ya rinjayi mai masu tauri. Idan ruwa ne ko irin man, haƙuri zai gyara: a bar shi mako ɗaya a mazubi, a yanka, a shanya a inuwa mako 4 zuwa 6. Idan kuwa yana maiƙo a hannu kuma kumfa kaɗan, kostik ne ya gaza, jira ba zai yi magani ba.

Ya yi kauri da wuri na zuba, washegari na tarar mai ya taso sama.

Wannan ciwon hunturu ne. PKO yana barci da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka. Idan aka zuba masa ruwan kostik da ya kwana ya yi sanyi, sai ya daskare ya yi kauri, mai tuƙi ta ɗauka haɗin ya kama alhali bai kama ba. A narkar da man sarai, a haɗa su duka suna da ɗumi, tsakanin digiri 35 da 45. Kaurin gaskiya a hankali yake zuwa, sumul kamar koko, in an ɗaga muciya abin da ya ɗiga ya bar sawu a kai. Wanda ya rabe a mayar da shi tukunya duka, har da ruwan da ya kwanta a ƙasa, don a nan kostik ɗin yake.

Ina zuba turare sai ya yi gudaji nan take.

Turaren ne, musamman mai sinadarin barasa irin na fesawa. A nemi na mai, a gauraya shi cikin man tun kafin kostik, a fara gwadawa da ɗan kofi.

Farin gari da ke kwanciya a samansa yana da illa?

Babu. Kostik ɗin da ke saman ne ya haɗu da iska kafin ya gama aiki. A rufe mazubin da leda bayan zubawa, wanda ya riga ya fito kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Amma a bambanta shi da fararen ɗigo masu ruwa a cikin sabulun, waɗannan kostik ne da bai narke ba ko bai gauraya ba, kuma suna ƙuna.

Tsagewa da gumi fa?

Tsaga a tsakiya zafi ne: an lulluɓe mazubi da bargo a bazara, haɗin kuma da kansa yana fitar da zafi. A bar shi inda iska ke ratsawa. Gumi kuwa na damina ne, gilisarin, wani sinadari da ke samuwa idan mai ya haɗu da kostik, shi ke janyo damshi. A jera sandunan da tazara a kan katako, kada a naɗe su a leda sai sun bushe.